Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Sai An Gwada

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, har ma likitocin Turai da ba su taɓa jin ta ba sun yi aiki da ita a zamanin annobar korona. Sa'ad da cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019, babu wani asibiti a duniya da yake da maganinta ko da ƙwaya ɗaya. Ƙago sabon magani kuwa, tun daga ɗakin bincike har ya iso kan kantar kemis, yakan ci shekara 10 zuwa 15 da dukiya mai ɗimbin yawa, alhali majinyacin da numfashinsa ke sarƙewa ko mako biyu ba zai iya jira ba. Don haka sai masana suka koma rumbun tsofaffin magunguna, watau waɗanda aka riga aka san yawan da jikin ɗan Adam ke iya ɗauka da irin illar da suke yi, suna zaro su ɗaya bayan ɗaya suna duba ko akwai wanda zai taɓuka wani abu.

Dabarar ta daɗe. Asfirin ya yi shekara da shekaru ana shan sa don ciwon kai da zazzaɓi kafin a gane yana hana jini daskarewa, aka koma ba masu ciwon zuciya. Maganin farko na ƙanjamau, wanda ake kira AZT, an haɗa shi ne a 1964 da niyyar yaƙar ciwon daji, bai yi ba, aka jingine shi, sai a 1987 aka karkaɗe masa ƙura ya shiga sabon aiki. To amma a cikin tulunan zumar da aka buɗe saboda korona, 'yan kaɗan ne ƙwarai suka yi rana. Galibinsu ba su tsinana kome ba, wasu kuwa su ne ma suka kai mutane asibiti. Yadda aka bambance mai amfani da maras amfani shi ne abin da ya kamata kowane ɗan Arewa mazaunin Kudu ya fahimta, domin kuɗin guminsa ne suke zurarewa a kemis, jikinsa kuma shi yake biyan sauran.

Mazauna Ikko ba su manta da abin da ya faru a watan Maris na 2020 ba. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a filin jirgin saman Ikko. Kafin wata ya zagayo sai wani likitan Faransa mai suna Didier Raoult ya fitar da rahoto cewa ƙanen kulorokwin, wanda ake kira haidiroksi-kulorokwin, yana kakkaɓe ƙwayar cutar daga hancin majinyata. Mutum 36 kacal ne a cikin rahoton. Ranar 19 ga Maris Shugaba Donald Trump na Amurka ya fito gaban 'yan jarida ya yi ta koɗa maganin. Shi ke nan fa, aka wayi gari ana rububin kulorokwin a kemis-kemis na Ikko, farashi ya yi tashin gwauron zabo, wasu wurare ma ya ƙare ƙarƙaf. Ba a kwana biyu ba jami'an Gwamnatin Jihar Legas suka ba da sanarwa cewa an fara kawo mutane asibiti saboda kulorokwin da suka ɗirka wa cikinsu. Masu jabun magani su ma ba su yi barci ba, domin a watan Afrilu Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an sami kulorokwin na jabu a Kamaru da Nijar da Kwango.

Ba abin mamaki ba ne da jama'a suka yi saurin yarda. Kulorokwin tsohon abokin zama ne. Tun 1934 aka haɗa shi a Jamus, kuma da wuya a sami magidancin da ya tashi a ƙasar nan bai san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa ba, har zuwa 2005 da Gwamnatin Tarayya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro saboda ƙwayar zazzaɓin ta daina jin sa. Sabo turken wawa. Tsakanin adadin kulorokwin da ke warkarwa da adadin da ke rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita, tazarar ba ta da faɗi, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su hallaka ƙaramin yaro.

Sa'an nan ga shaidar baki. Kowa ya san wani wanda ya sha ya warke. Har wani gwamna a Arewa, da Allah ya ba shi lafiya, ya fito ya ce a riƙa ba majinyatan jiharsa abin da aka ba shi. To a nan ne gizo ke saƙa. A cikin mutum 100 da suka kamu da korona, wajen 80 mura da zazzaɓi da kasala kawai suke yi su miƙe, ko sun sha magani ko ba su sha ba. In duk 80 ɗin nan ruwan citta da lemun tsami suka sha, to citta ta sami shaidu 80. In kulorokwin suka sha, shi ma ya sami 80. Waɗanda suka sha suka mutu kuwa ba sa dawowa majalisa da yamma su ba da nasu labarin.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san yadda malaman gona suke yi in an kawo sabon taki. Ba sa tambayar mai sayar da takin. Gona ɗaya suke rabawa biyu, iri ɗaya, ruwan sama ɗaya, a zuba wa wannan gefe a hana wa wancan, sa'an nan da kaka a ƙidaya dammuna. Haka nan ake gwada magani, sai dai da ƙarin sharaɗi biyu. Ƙuri'a ce take zaɓen majinyacin da za a ba maganin, domin likita mutum ne, in an bar masa zaɓi yana iya ba masu ƙarfi-ƙarfi maganin da yake fata ya yi nasara, ko da bai yi niyyar maguɗi ba. Kuma tilas majinyatan su yi yawa sosai, don kada sa'a ta yi kama da magani. Rahoton Raoult bai cika ko ɗaya daga cikin biyun nan ba, mujallar da ta buga shi kuwa ba ta janye shi ba sai a watan Disamba na 2024, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Waɗanda suka bi hanyar sosai su ne wasu malaman Jami'ar Oksfod ta Ingila, Farfesa Peter Horby da Farfesa Martin Landray. Sun tsara wani gwaji da suka sa wa suna Recovery, kuma tsakanin rubuta tsarin da shigar majinyaci na farko kwana 9 ne kawai. Ba su nemi wata na'ura ta musamman ba. Takardar cikawa gajera ce, yadda likita ko nas da aiki ya yi wa katutu zai iya cike ta a cikin 'yan mintoci. A nemi yardar majinyaci, kwamfuta ta jefa ƙuri'a, bayan kwana 28 a duba wa ya rayu wa ya rasu. Asibitocin gwamnati 176 suka shiga, manya da ƙanana, kuma zuwa watan Yuni majinyata sun wuce 11,000.

Ranar 5 ga Yuni aka fara jin sakamako. Da aka kammala lissafi, mutum 1,561 aka ba haidiroksi-kulorokwin, aka kwatanta su da 3,155 da ba a ba su ba. A cikin waɗanda suka sha kashi 27 cikin ɗari suka rasu, a cikin waɗanda ba su sha ba kashi 25. Watau dai irin maganin da aka yi ta rububi a kansa a Ikko bai rage mutuwa ko kaɗan ba. Kwana 11 bayan haka, ranar 16 ga Yuni, sai ga labarin da ba a zata ba. Deksametason, wani tsohon magani da aka haɗa tun 1957, wanda ake ba masu asma da kumburin gaɓoɓi, kuma yake nan birjik a kowane kemis, ya rage mutuwa da wajen ɗaya bisa uku a cikin majinyatan da aka sa wa na'urar taya numfashi, daga 41 cikin ɗari zuwa 29. A cikin waɗanda ake ba iskar oksijin kawai ya rage da wajen ɗaya bisa biyar. In an ba mutum 8 masu na'ura, an ceci ran ɗaya ke nan, kuɗin maganin na kwana 10 kuwa a Ingila wajen fam 5 ne. Hukumar asibitocin Ingila ta ƙiyasta a watan Maris na 2021 cewa ya ceci rayuka kimanin miliyan ɗaya a duniya. Abin ban takaici shi ne a farkon annobar manyan masana, har da ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, sun ja kunne kada a riƙa ba masu korona irin wannan magani. Da an tsaya ga ra'ayin manya, shugabanni da masana baki ɗaya, da an ci gaba da raba kulorokwin ana kulle deksametason a kabad.

To kada mai karatu ya ji haka ya zarce kemis, domin labarin yana da wutsiya. Korona hawa biyu take yi a jiki. A makon farko ƙwayar cutar ce take hayayyafa a hanci da maƙogwaro da huhu, garkuwar jiki tana yaƙar ta. A wurin wasu mutane, a mako na biyu garkuwar ce da kanta take haukacewa, ta kumbura huhu ta cika shi da ruwa har iska ta kasa ratsawa zuwa jini. Masu aikin gadi a Ikoyi da Apapa za su fi kowa gane misalin. In karnukan gida suka haukace suka juya kan masu gida, ɗaure su shi ne daidai. In kuwa ɓarawo yana kan katanga maigadi ya tashi ya ɗaure karnuka, ai ya yi wa ɓarawo aiki. Deksametason ɗaure karnuka yake yi, ita ƙwayar cutar ba ya taɓa ta. A cikin gwajin nan na Ingila, majinyatan da ba su kai ga bukatar oksijin ba ba su amfana da kome ba, mace-macen ma sun ɗan fi yawa a gefen waɗanda suka sha, kusan 18 cikin ɗari a kan 14.

Daɗin daɗawa, maganin yana tayar da sukarin jini, yana hawar da jini, yana kuma buɗe wa wasu cututtuka ƙofa. A Indiya a 2021, inda aka yi ta ba da irinsa barkatai, dubun dubatar mutane, galibinsu masu ciwon sukari, sun kamu da wata muguwar cutar fumfuna da ke cin hanci da ido, har aka riƙa cire wa wasu ido don a ceci ransu. Wannan ya shafi jama'ar Arewa kai tsaye, domin deksametason yana cikin ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata suke sha don su yi ƙiba, kuma akwai masu kemis da suke jefa shi a cikin haɗin da suke yi wa mai ciwon jiki don ya ji garau nan take ya dawo gobe. Irin wannan ƙiba, fuska ce take kumbura ƙashi yana rarakewa a ciki.

Mai dako a kasuwar Mile 12, ko mahauci a Agege, ko mai shayi a Sabon Badun, ko mai albasa a Anacha da Fatakwal, in jikinsa ya yi zafi da wuya ya nufi asibiti. Dalilansa sanannu ne, kuma babu wauta a cikinsu. Yinin da zai ɓata a layi yinin abincinsa ne, ga kuɗin kati, ga rashin wanda zai ji harshensa, ga iyali a gida suna jiran aike. Sai ya tsaya wurin mai tallar magani a tire, ko ƙaramin kemis na bakin zango, ya ce a haɗa masa na naira kaza. A ƙulle masa ƙwayoyi biyar ko shida a leda, ba suna, ba kwanan wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba, kuma a watan Fabrairu na 2025 hukumar NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota da Anacha da Aba ta kwashe kaya mota-mota. Mutumin da yake cikin wannan hali shi jita-jitar magani ta fi cuta, domin tsakanin saƙon da ya shigo wayarsa da cikinsa babu likitan da zai tare.

Sauran tsofaffin magungunan da aka gwada ba sai an daɗe a kansu ba. Lofinabir na ƙanjamau bai yi ba. Azitiromaisin bai yi ba. Asfirin kansa bai rage mutuwa ba, haka nan ruwan jinin waɗanda suka warke. Remdesibir, wanda aka fara gwadawa a kan Ibola a Kwango bai yi abin kirki ba, ya ɗan taimaka wa wasu masu korona, amma kamfaninsa ya sa masa dala 2,340 na kwana 5. Biyu daga cikin magungunan amosanin gaɓoɓi, tosilizumab da barisitinib, sun ƙara ceto a kan na deksametason, su ma a wurin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani a gadon asibiti.

Wanda ya fi ba da tausayi shi ne ibamektin, domin magani ne mai daraja aka ja sunansa a ƙasa. Shi ne ake rabawa kyauta a ƙauyuka da sunan Mectizan tun 1987, ya tsare miliyoyin mutane daga makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, har waɗanda suka gano shi suka sami lambar yabo ta Nobel a 2015. A watan Afrilu na 2020 wasu masu bincike a Ostareliya suka ga yana kashe ƙwayar korona a cikin kwalbar gwaji. Abin da masu yaɗa labarin a waya ba su faɗa ba shi ne adadin da aka zuba a kwalbar ya ninka abin da zai iya shiga jinin mutum sau da yawa. Ai ko sabulu yana kashe ƙwayar korona, amma ba wanda ya ce a ci sabulu. Rahoton da ya fi kowane koɗa shi, wanda ya fito daga Masar, an janye shi a watan Yuli na 2021 da aka ga alkalumansa ba su haɗu ba, kuma da aka yi gwajin ƙuri'a a Barazil da mutum 1,358 sai aka ga ba ya hana kwanciya asibiti. Ƙarya dai ba ta da gefe, domin a watan Mayu na 2020 babbar mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton da ya ce kulorokwin yana ƙara kashe majinyata, a cikin mako biyu shi ma aka janye shi saboda an kasa ganin takardun asibitocin da aka ce an dogara da su.

Haka aka yi da jiƙon Madagaska. A watan Afrilu na 2020 Shugaba Andry Rajoelina ya ɗaga kwalba a bainar jama'a ya ce ƙasarsa ta samo maganin korona daga wani ganye dangin tazargade. An kawo wa Nijeriya rabonta a watan Mayu ta hannun shugaban Gini Bisau, kuma a nan ya kamata a yaba wa Gwamnatin Tarayya, domin shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya ce sai an bincika tukuna. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta duba, ba ta sami hujjar cewa yana warkar da korona ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin raini ga maganin gargajiya, alhali kuwa daga wannan ganye ne wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tace sinadarin da yau ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a duk faɗin Afirka, kuma gwaji ne ya ɗaga shi daga jiƙo ya zama magani. Girmama masu maganin gargajiya shi ne a auna kayansu da mudun da ake auna na Bature.

Ƙwayoyin sha da suka dace da korona ita kanta ba su iso ba sai ƙarshen 2021, kuma ko su da tsohuwar zuma a cikinsu. Paxlovid na kamfanin Pfizer ƙwaya iri biyu ne. Ɗaya sabuwa ce, an gina ta a kan aikin da aka fara tun annobar SARS ta 2003 aka ajiye da annobar ta lafa, ɗayar kuwa ritonabir ce, tsohuwar ƙwayar ƙanjamau, aikinta ta hana hanta saurin narkar da ta farkon. A gwajin farko ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 90 cikin ɗari a wurin masu rauni da ba su yi allurar rigakafi ba, da sharaɗin a fara sha a cikin kwana 5 na farko. Gwamnatin Amurka ta saye shi wajen dala 530 na mutum ɗaya. An ba wasu kamfanoni izinin yin mai rahusa don ƙasashe 95, amma kafin ya wadata a Afirka annobar ta riga ta ci abin da za ta ci. Maganin da sai an sha a cikin kwana 5 kuwa yana bukatar wurin gwajin cuta kusa da gida. A Kano, a watan Afrilu na 2020, lokacin da masu haƙar kabari suke cewa aiki ya yi masu yawa, ɗakin gwajin garin ya yi kwanaki a rufe, kuma daga baya Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce a cikin mutum 979 da aka lissafa sun rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Shi kansa deksametason abokin tafiyarsa oksijin ne, kuma a watan Janairu na 2021 bukatar tukwanen oksijin a asibitin Yaba da ke Ikko ta ninka sau biyar.

Akwai wanda zai ce, kuma yana da hujja, kalmar gwaji ita ce ta fi kowace tayar wa ɗan Arewa da hankali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, wannan kamfani na Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi masu bayani ba, kamfanin ya musa ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma raunin nan yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Amma abin da ya karye a Kano amana ce, gyaransa kuwa sananne ne. A yi wa majinyaci ko iyayensa bayani da harshen da suke ji, a gaban shaidu, a gaya masu suna iya ƙi ba tare da an hana su jinya ba, a sa kwamitin da ba ya cin albashin kamfani ya sa ido, sa'an nan a bayyana sakamako ko mai daɗi ko maras daɗi. Wanda yake gudun irin wannan gwaji yana shan haɗin kemis, shi ma fa gwaji ake yi a kansa kullum, sai dai ba a nemi izninsa ba kuma ba wanda yake rubutawa.

Ranar 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona, ko da yake cutar tana nan tana kewayawa. Inda hanyar nan ta ƙuri'a ta fi bukata yanzu shi ne zazzaɓin Lassa, wanda ya ci sunan wani gari a Jihar Borno inda aka fara gane shi a 1969, kuma kowane rani yana kashe mutane, musamman a jihohin Ondo da Edo da Bauci. Maganin da ake ba masu shi, ribabirin, shi ma tsohuwar zuma ce, kuma madogararsa wani bincike ne da aka yi a Saliyo aka buga a 1986, wanda masana da yawa suka sake dubawa suka ce hujjarsa ba ta da ƙarfi. Watau shekara kusan 40 ke nan ana ɗura wa majinyata magani mai illa ga jini ba tare da an tabbatar da yawan amfaninsa ba. Asibitocin Irrua a Edo da Owo a Ondo sun ƙware a kan cutar, kuma an fara gwaje-gwaje a can. Abin da ya rage shi ne Gwamnatin Tarayya ta ware kuɗinta na kanta ta haɗa asibitocin koyarwa na Ikko da Badun da Inugu da Zariya da Kano da Jos da Maiduguri da Sakkwato a kan takarda ɗaya da ƙa'ida ɗaya, tun lokacin zaman lafiya. Gwajin Recovery ya kai har Gana, saboda haka ba za a ce aikin ya fi ƙarfin asibitocin Afirka ta Yamma ba.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da yake hannun sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da 'yan acaɓa. Asusun da ake tarawa don jana'iza da kai gawa gida ya isa a ɗauki matashi ɗaya mai jin Turanci da Yarbanci ko Ibo ya riƙa raka marasa lafiya asibitin gwamnati yana yi masu tafinta. Suna da ikon hana duk mai tallar da yake ɓare ƙwayoyi daga kwalinsu yin ciniki a cikin zango. Sa'an nan akwai 'yar ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa ɗan yatsa ta nuna yawan oksijin a jini, ya kamata a ajiye guda a gidan sarki ko wurin ladanin masallacin unguwa. Na'urar takan ɗan ƙara lissafi a kan baƙar fata, saboda haka in ta nuna 92 ko ƙasa da haka, ko kuwa mutum yana haki ya kasa ƙarasa magana ko da ta nuna fiye, a sa shi a mota a kai shi asibiti a daren, kada a tsaya kemis a hanya.